Kodebuwa: motar da ta wuce shekara 5 ba ta fita daga tashar Abidjan

Ɗan zango da ke Abidjan, in ɗan'uwansa na Faransa ko Baljiyam ya ce zai aiko masa da mota, abu na farko da zai tambaya shi ne ranar da aka fara yi mata rajista. Tun ranar 1 ga Yulin 2018 Kodebuwa ke aiki da dokar da gwamnatin Alassane Ouattara ta kafa a watan Disamban 2017, wadda ta hana shigo da ƙaramar mota da ta haura shekara 5. Ƙananan bas irin na gbaka an ba su shekara 7, manyan bas da manyan motocin kaya shekara 10.

Da kwanan watan da ke kan katin motar ake lissafi. Lafiyar inji ko ƙyallin fenti ba su shiga ciki. Nan ne da yawa ke faɗawa rami: a sayi mota tana gab da cika shekara 5, a ɓata makonni wajen neman jirgin ruwa da haɗa takardu, kafin ta kai hannun 'yan duwan wa'adi ya ƙure. Hukuncin tara ce ta miliyan 2 na sefa, sannan a mayar da motar waje ko a lalata ta, duk da kuɗin mai ita. Ga kuɗin ajiya na tasha yana hauhawa kullum.

Hujjar gwamnati ita ce hayaƙi da haɗurra, kuma ba ƙarya ta yi ba. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. Sai dai motocin “France au revoir” su ne jarin talaka. Da su direban woro-woro ke fara sana'a, da su bakanike da mai sayar da kayan gyara ke cin abinci. Yanzu titunan Abidjan sun cika da sababbin ƙananan Suzuki, yawancinsu na masu jari ne, direba kuwa yana kai balas kowace yamma.

A 2020 CEDEAO ta amince da irin wannan ƙa'ida ta shekara 5, tare da ba ƙasashe lokacin shiri, amma kowace ƙasa na tafiya da nata takun. Shi ya sa motar da Abidjan ta ƙi take samun shiga a wata tashar yankin. Wasu na yi mata rajista a maƙwabta su shigo da ita da lambar waje. Izinin wucin gadi ne kawai ke hannunsu, ranar da ya ƙare 'yan duwan na da ikon kama ta.