Bayan An Naɗe Tabarmar Gidauniya

A wannan makon ina so mu dubi wata al'ada da ta zama ruwan dare a unguwanninmu, wato bikin ƙaddamar da asusun neman taimako, da abin da ke biyo baya idan taro ya watse.

Duk wanda ya zauna a Tudun Jukun ko Tudun Wada ko cikin birnin Zariya ya san yadda ake yi. Taransifoma ta ƙone, ko katangar maƙabarta ta zube, ko magudanar ruwa ta toshe ga damina ta kawo jiki. Sai a kafa kwamiti, a buga katin gayyata, a nemo uban taro da babban mai ƙaddamarwa. Ranar taro a kafa rumfuna, mai gabatarwa ya riƙe lasifika yana shelar cewa Alhaji wane ya ba da miliyan guda, Honorabul wane ya yi alkawarin buhun siminti ɗari. A yi kabbara, a shafa fatiha, kowa ya kama gabansa.

Daga nan wahalar 'yan kwamiti take farawa. Za su yi watanni suna zarya daga ofis zuwa gida suna bin alkawari, yau a ce Alhaji ya yi tafiya, gobe a ce yana hutawa. Ɗan abin da ya shigo hannu kuma, hayar rumfa da kujeru da abincin baƙi sun riga sun ci rabonsu. Su kuwa mutanen unguwa, adadin da suka ji a lasifika shi suka riƙe a ka. Idan shekara ta zagayo ba su ga katanga ba, magana ɗaya ce za ta fito a majalisa da wurin mai shayi: sun cinye. Haka mutumin kirki yake rasa sunansa a kan kuɗin da bai taɓa gani ba, kuma idan wata buƙata ta taso, kowa sai ya noƙe hannu.

A ganina rowa ba ita ce matsalarmu ba. Al'ummar da take ciyar da almajiri safe da yamma, take haɗa gudunmawar biki da ta jinya, take riƙe adashi shekara da shekaru ba tare da takarda ba, ba za a kira ta marowaciya ba. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne lissafi a bainar jama'a. Uwar adashi tana daɗewa a kan aikinta ne saboda kowace mai zubi ta san nawa aka tara, ta san ranar kwasarta. Ƙungiyoyinmu da yawa ba su kai uwar adashi bayani ba.

Addininmu bai bar wannan fage a buɗe ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. A Bukhari da Muslim an ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya yi lissafi da Ibnul Lutbiyya, wanda ya aika karɓar zakka, ya kuma tsawatar a kan kyautar da ma'aikacin ya ce shi aka bai wa. Idan an binciki sahabi, ban ga dalilin da shugaban ƙungiyar unguwa zai ɗauki tambaya a matsayin cin mutunci ba. Dokar ƙasa ma haka ta tanada: dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa ƙungiyoyin da suka yi rajista da Hukumar CAC su ajiye littattafan kuɗi, su kuma miƙa rahoto a kai a kai. Amma kafin hukuma, masu haƙƙin jin bayani su ne waɗanda suka zuba kuɗinsu.

Saboda haka shawarata ta farko ga masu jagorancin irin waɗannan ƙungiyoyi ita ce, su raba alkawari da abin da ya shigo hannu tun ranar taro, su kuma liƙa bayanin shige da ficen kuɗi a ƙofar masallaci ko gidan mai unguwa duk wata uku. Asusun banki ya kasance da sunan ƙungiya, da sa hannun mutum biyu ko uku. Kada a tara kuɗin jama'a a asusun mutum ɗaya, ko da waliyyi ne, domin kare shi kansa daga zargi.

Ta biyu, a rage dogaro da babban mai ƙaddamarwa. Mu ƙaddara gida 300 ne a unguwa, kowane gida ya ɗauki nauyin Naira 500 a wata. An sami Naira 150,000 ke nan duk wata, Naira miliyan 1.8 a shekara, ba hayar rumfa, ba bin ƙofar kowa. Da yayyafi kogi kan cika. Wanda kuma yake zuba ɗari biyar ɗinsa duk wata zai zo taro, zai yi tambaya, zai hana a jefa shara a kwalbatin da ya san da guminsa aka gina. Idan asusu ya yi ƙarfi, a yi tunanin waƙafi, kamar shago ko gidan haya da kuɗinsa zai riƙa shigowa. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, Sayyidina Umar kuma ya tsayar da gonarsa ta Khaibar. Jihar Sakkwato tana da hukumar zakka da waƙafi da za a iya koyon darasi daga gare ta.

Wannan magana ta shafi matasanmu da suke kammala Jami'ar Ahmadu Bello da burin samun aiki a manyan ƙungiyoyin agaji. Aiki ne mai daraja, amma a farkon 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ta hannun hukumar USAID, ayyuka da dama sun tsaya a Najeriya, ma'aikata suka koma gida. Kayan aro ba ya rufe katara. Ƙwarewar da waɗannan matasa suka samu ta tsara kasafi da rubuta rahoto ita ce ainihin abin da ƙungiyoyin unguwa suka rasa. A jawo su, kuma a biya su gwargwadon hali. Mun saba ɗaukar cewa mai aikin Allah ba ya karɓar lada a duniya, alhali masu aikin tattara zakka suna cikin kaso takwas da aka ambata a Suratut Tauba. Sakataren da aka bari da yunwa, ga kuɗin jama'a a gabansa, an jefa shi cikin jarrabawar da ba dole.

Ta ƙarshe ita ce wa'adi. Ƙungiyar da shugabanta shi ne ma'aji, shi ne mai binciken kuɗi, kuma ba ranar saukarsa, tare da shi za a binne ta. Dubi FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi da aka kafa a Minna a 1985. Marigayiya Hajiya Aisha Lemu ce Amirarta ta farko, ta yi wa'adinta ta miƙa wa wata, ga shi har yau ƙungiyar tana tafiyar da makarantu da asibitoci. Shugaba nagari tun yana kan kujera yake koya wa na bayansa riƙon littafi.

Kafin a buga katin gayyata na gaba a Tudun Jukun, ina roƙon dattawan unguwa su fara neman a karanta musu lissafin taron da ya wuce. Idan an ji shi dalla-dalla, masu bayarwa ba za su buƙaci roƙo mai yawa ba. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.