Kalkashin Ƙorama da Ɗan'uwansa na Turai

Sanin kowa ne cewa Bahaushe ya amince da itatuwan ƙasarsa, har ma akan ji ana cewa maganin gargajiya in bai yi amfani ba, ba zai cutar ba. Wannan magana tana da daɗin ji, amma ba gaskiya ba ce, kuma labarin wata ciyawa ta Turai ya isa shaida.

Sunan ciyawar kamfiri. Turawan Ingila sun yi mata laƙabi da mai saƙa ƙashi, domin tun zamanin da sukan daka ganyenta da saiwarta su ɗaura a kan targaɗe da karaya, kamar dai yadda maɗori yake yi a ƙasar Hausa. Masu lambu kuwa sukan jiƙa ganyen a ruwa ya ruɓe, su zuba wa tumatir, saboda yana da sinadarin fotash mai yawa. Wani Bature mai suna Lawrence Hills ya yi shekaru yana gwajinta a garin Bocking, inda ya fitar da irin da masu lambu suke shukawa har yau. Daga baya sai mutane suka shiga dafa ta suna sha kamar shayi. A nan ne gizo ya yi saƙar, domin bincike ya gano akwai dafi a cikinta mai toshe ƙananan jijiyoyin hanta. A shekarar 2001 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta nemi a janye duk wani haɗin kamfiri na sha daga kasuwa. Aka bar na shafawa, shi ma a kan fatar da ba ta fashe ba.

To, ina ruwan mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum da wannan labari? Ruwansu shi ne kamfiri tana da ɗan'uwa a ƙasar Hausa, watau kalkashin ƙorama, wanda ke fitowa a wurare masu laima irin fadamun Gulbin Zamfara, mai fure a lanƙwashe kamar wutsiyar kunama. Masana tsirrai sun sanya su a dangi guda, kuma irin dafin da ke cikin waccan yana cikin wannan. A wurare da dama na Afirka ta Yamma ana shafa ruwan ganyensa ga gyambo da harbin kunama, wasu kuma suna dafa shi su sha. A ƙasar Afganistan, cikin shekarun 1970, 'ya'yan wani ɗan wannan dangi sun gauraya da alkama a lardin Herat, dubban mutane suka kamu da ciwon hanta.

Abin da ya sa lamarin ya fi muni shi ne dafin ba ya nuna kansa nan take. Sai bayan makonni ko watanni ciki ya kumbura, wani lokaci ido ya yi ɗorawa, a ce shawara ce, a sake kawo wani jiƙon a ɗora wa hantar da ta riga ta gaji. Ba wanda zai tuna da ƙoƙon farko.

Ta fuskar taki kam, manomin Zamfara ba ya bukatar baƙuwar ciyawa. Yana da gawo, mai kaɗe ganye da damina ya ciyar da ƙasa, shi ya sa gero yake yin kyau a gindinsa.

Sauran aiki yana kan ɗaliban Hausa. Tun 1916 Likita Dalziel ya tattara sunayen tsirran Hausa a littafi, ɗalibai kuma suna ta bin sawunsa a kundayen digiri, suna jera suna da cutar da yake warkarwa. Abin da ya kamata a ƙara shi ne tambayar da tsofaffin masu magani suka san amsarta: wanne ake sha, wanne ake shafawa kawai, nawa ne ƙa'ida, wanne aka hana mai ciki da jinjiri? Ɗalibin da ya tafi hutu Gummi ko Bukkuyum, ya zauna gaban maɗori ko ungozoma, ya buɗe wa waɗannan amsoshi shafi na musamman, kafin ya kai kundin gaban malaminsa.