Ciwon Dajin Mama: Gado Ne, Ba Jifa Ba

A cikin birnin Zariya, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, da wuya ka sami gidan da ba zai iya lissafa maka kakanninsa ba. Amma tambayi abin da ya yi ajalin kaka ko goggo, sai a ce "ciwon ciki" ko "jifa aka yi mata". A ganina, wannan kunya tana jawo mana asarar rayuka.

Jikin mutum ƙwayoyin halitta ne, kuma kowace tana ɗauke da umarnin gado daga uwa da uba. A shekarar 1990 wata masaniya a Amurka, Mary-Claire King, ta gano wurin da ƙwayar gadon nan BRCA1 take, a 1995 kuma aka gano BRCA2. Aikinsu kamar na magini ne mai yaɓen katanga bayan damina: duk inda umarnin ya tsage, sai su gyara. Wadda ta gaji ɗayarsu da naƙasa, magininta ba shi da cikakken ƙarfi.

To, tunda naƙasar tana ko'ina a jiki, me ya sa ciwon ya fi kama mama da ƙwan mace? A nan sinadaran homon suka shigo. Istirojin da furojestaron su ne ke umartar ƙwayoyin mama su rarrabu a kowane wata. Yawan rarrabuwa kuwa yawan kuskure ne. Homon shi ne ruwan da ke dukan katanga. Idan gyara ya yi rauni, ɓaraka sai ta yi ta ƙaruwa. Shi ya sa fiye da rabin masu naƙasar BRCA1 kan kamu a tsawon rayuwarsu.

Akwai kuma abin lura. Yawancin ƙarin da BRCA2 ke haddasawa na amsa kiran istirojin, don haka maganin tamoxifen, mai toshe wannan kira, yana yi masa aiki. Na BRCA1 kuwa galibi ba ya jin kiran, sai a nemi wata hanyar. Ke nan sanin tarihin gida na taimaka wa likita.

Kada mai karatu ya ɗauka matsalar Turawa ce. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka buga a 2018, kan mata 1,136 masu ciwon a Ibadan, ya nuna kusan 11 cikin 100 na da naƙasar ɗaya daga cikin biyun. Uba ma yana gadar da ita, kuma kowane ɗa ko 'ya na da rabin yiwuwar ɗauka. Sai dai gado ba hukunci ba ne: akwai masu naƙasar da ba sa kamuwa, kuma yawancin masu ciwon ba gadonsa suka yi ba.

Wasu za su ce tona wannan zance zai hana 'yan matan gida samun miji. Damuwa ce ta gaskiya. Amma ba a ce a yi shela a kasuwa ba. Likita kaɗai za a gaya wa.

Saboda haka, ɗalibai, ku zauna da iyayenku mata cikin ladabi, ku rubuta wadda ta yi ciwon, da shekarunta, ta wajen uwa da ta wajen uba. Malamai, ku sa wannan cikin darasin gado. Duk wadda ta ji ƙulli a mamanta, ta garzaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika tun abin bai yi nisa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba mu lafiya, amin.