DUBI BAKIN KATANTANWA

A wannan mako zancenmu a kan wani ɗan abu ne da kowa ya raina, watau katantanwa, gidan dodon koɗi. Da damina ta sauka a ƙasar Kajuru, daga Kasuwan Magani zuwa Kufana, za ka ga yara suna tsintar ta a gindin duwatsu da bakin rafi, su feƙe ta su yi ta murzawa a ƙasa. Mu ma mun yi. Amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tsayawa su dubi yadda aka gina ta, alhali kuwa a cikin gininta akwai labarin da ya shafi lafiyar 'ya'yanmu.

Dodon koɗi ba ya aron gida, ba ya kuma canza shi. Da ɗan ƙwaryarsa yake fitowa daga ƙwai, ita ce tsinin nan da ke can sama. Wata fata mai laushi a jikinsa ita ke fitar da sinadarin alli, irin na ɓawon ƙwai, tana ƙara shi a gefen bakin gidan kaɗan-kaɗan. Saboda haka tsini shi ne mafi tsufa, baki kuma shi ne sabon gini. In ka fasa katantanwa za ka tarar ashe bututu ɗaya ne ya naɗe wani ginshiƙi a tsakiya, kamar yadda ake naɗa rawani, kowane zagaye ya fi na bayansa faɗi. Hikimar da ke nan ita ce gidan yana girma ba tare da siffarsa ta sauya ba. Wani masani ɗan ƙasar Sikotland, D'Arcy Thompson, ya yi dogon bayani a kan wannan lissafi cikin littafin da ya wallafa a 1917.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ɗauki katantanwa, ka mai da tsininta sama, bakinta ya fuskance ka. In bakin yana hannunka na dama, to, ta bi hanyar mafi yawan 'yan'uwanta, domin kusan tara cikin goma na ire-iren dodon koɗi haka suke. In kuwa bakin yana hagu, ka sami bahaguwa.

Cikin bahagwai akwai wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa, wanda bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, masana suna kiransa Bulinus. Yana zaune a kududdufi da tafki da rafin da ba ya gudu da ƙarfi, yana maƙale a ganyen ciyawa. Shi ne masaukin tsutsar tsargiya. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen su ƙyanƙyashe, su shiga jikin dodon koɗin su hayayyafa, sa'an nan su fito su huda fatar duk wanda ya shiga wanka ko wanki ko kamun kifi. Likita Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, a 1915 kuma Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa ta jikin dodon koɗi take bi. Akwai wani kuma, Biomphalaria, wanda gidansa ba shi da tsini, a kwance yake kamar ƙaramin faifai; shi ke ɗauke da irin tsutsar da ke kama hanji. Makiyaya su ma su kula, domin wani na dama mai siririn tsini da faffaɗan baki shi ke rainon tsutsar da ke ɓata hantar shanu.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba kowace bahaguwa ce ke da cuta ba, babban dodon koɗin tudu kuwa, wanda ake ci a kudu, ba ruwansa da tsargiya. Amma ganin waɗannan ƙananan a ruwa ya isa gargaɗi.

Abin takaici, har yanzu akwai iyayen da ke ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar balagar yaro. Wannan kuskure ne babba. Cuta ce mai shanye jini, mai lalata mafitsara in ta daɗe, maganinta kuma, Praziquantel, sananne ne a asibiti.

Shawarata ga malaman firamare na Kajuru da kewaye ita ce su sa katantanwa cikin darasi. A tsinto busassu da rani, a nuna wa yara tsini da baki, dama da hagu. Yaron da ya san wannan ba zai faɗa kowane kududdufi ido rufe ba, zai kuma gaya wa iyayensa ranar da ya ga jini.

Allah ya kiyashe mu. Sai mako mai zuwa.