Laifin Akwati Ne Ko Na Masu Akwati?

Duk wanda ya saba zama a majalisun Inkil, a bakin hanyar Gombe, ya san wata muhawara da ba ta ƙarewa. Dattawa kan ce zamani ya lalace, tauraron ɗan'adam da wayar salula sun sace musu 'ya'ya, sun mayar da su bayin ƙwallon Turai. Samari kuwa kan ce rediyo kayan tsofaffi ne, ƙwallon gida kuma ɓata lokaci. A ganinmu, ɓangarorin biyu duk sun kauce hanya, domin sun bar jaki suna dukan taiki.

Da farko, ya kamata dattawanmu su tuna cewa rediyon da suke yabo shi ma baƙo ne. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962. Abin da ya mayar da wannan baƙo ɗan gida shi ne aikin da ma'aikatan wancan zamani suka yi. Sun tilasta wa akwatin ya yi Hausa. Ta bakinsu kalmomi irin su mai tsaron gida da alƙalin wasa da satar gida da bugun kusurwa da bugun daga kai sai mai tsaron gida suka bazu. Manomin da bai taɓa shiga filin wasa ba ya riƙa ganin ƙwallo da kunnensa, cikin harshen da ya tashi da shi.

To, me muka yi da sababbin akwatunan? An fara gasar Firimiya ta Ingila a 1992, wayar salula ta shigo hannun jama'a a Nijeriya a 2001. Yau yaro kan biya kuɗi ya shiga rumfar kwano, janareta na ruri a bayansa, ya fito yana ta fenariti da kona da ofsayid. Yana iya lissafo 'yan wasan Arsenal goma sha ɗaya ba gargada, amma a tambaye shi shekarar da Wikki Tourists ta ci Kofin Ƙalubale na ƙasa, sai ya yi zuru. A 1998 ne, bayan ta doke Plateau United. Ƙungiyar garinsa ce, gidanta kuma filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda bai fi ƙarfin kuɗin acaɓa ba. Mafi muni, wayar da ke aljihunsa ta zama ƙofar caca, inda kuɗin cefane kan salwanta a kan wasan da ake yi a ƙasar da ba a san da zamansa ba.

Wasu za su ce ai ƙwallon Turai ya fi tsari da kyan fili da adalcin alƙalai. Ba mu musa ba. Amma wannan hujja ba ta hana makwabtanmu riƙe nasu ba. Tun 1975, lokacin da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, mutanen Jamhuriyar Nijar ke bin gasar takobi ta rediyo, daga baya ta talabijin, har ta zama abin da ƙasar ke tsayawa dominsa. Haka kuma, dubban mutanen da ba su taɓa ganin Shago a fagen dambe ba sun san shi ta waƙar Ɗan Anace, wadda rediyo da kaset suka kai lunguna. A yau ma ana kallon damben Hausa a YouTube daga ƙasashen da ba a jin Hausa. Ashe akwati ba shi da ra'ayi, abin da aka zuba masa shi yake zubarwa.

Saboda haka, zagin zamani ba zai dawo da yaro ko ɗaya ba. Aiki ne ke gabanmu. Sassan Hausa na manyan makarantu su tattara kalmomin wasanni cikin ƙamus guda, kafin waɗanda suka ƙirƙiro su su ƙare. Gidajen rediyon Bauchi su ɗauki sharhin wasannin Wikki kai-tsaye da Hausa a matsayin wajibi, gida da waje. Hukumomin ilimi su ba kokawa da langa gurbi a wasannin makarantun firamare. Ɗalibanmu kuma su ɗauki wayoyin nan su shiga Inkil da ƙauyukan kewaye, su naɗo kirarin 'yan kokawa daga bakin tsofaffi.

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Idan ba mu sa wa wayar salula Hausa a baki ba kamar yadda magabatanmu suka sa wa rediyo, jikokinmu za su gaji murnar cin wasu da baƙin cikin faɗuwar wasu, ba su da nasu ko ɗaya.