Zauren Uwargida: Gayyata Zuwa Ɗakin Bautar Shinto

Wata baiwar Allah da ta bi maigidanta karatu birnin Tokyo ta aiko min da tambaya. Maƙwabciyarta Bajapaniya, mace mai kirki, ta roƙe ta rakiya zuwa Meiji Jingu, inda za a kai 'yarta mai shekara uku bikin Shichi-go-san. Ta je ko kada ta je?

Bari mu fara sanin wurin. An buɗe shi a 1920 don girmama Sarki Meiji, wanda ya mutu a 1912, da matarsa Shoken. Bama-baman yaƙin duniya na biyu sun ƙone shi a 1945, aka sake gina shi a 1958. Dajin da ya kewaye shi dasa shi aka yi, da itatuwa kusan 100,000 da jama'a suka bayar kyauta. Mabiya Shinto suna bauta wa "kami", wato ruhohin da suke dangantawa da duwatsu da itatuwa da magabata. Sarkin da matarsa ma a matsayin kami ake roƙonsu a can.

Shi bikin a watan Nuwamba ake yin sa. Ana caɓa wa yara masu shekara 3, 5 da 7 ado da kimono, a kai su neman lafiya da tsawon rai. Bayan an wuce babbar ƙofar da suke kira "torii", akwai wurin ruwa: a wanke hannun hagu, a wanke na dama, a kurkure baki. Uwargida za ta ce kamar alwala! To, shirin shiga bautarsu ne. Daga nan a jefa kuɗi a akwati, a rusuna sau biyu, a tafa sau biyu, a sake rusunawa. Ana kuma sayar da layu.

Shawarata, 'yar uwa, maƙwabciya tana da haƙƙi ko da ba Musulma ba ce. Ki gaya mata tun a gida, cikin lalama, cewa rusunawar da layun addininki bai yarda da su ba, kada sai an isa wurin ki ba ta kunya. Ki jira su a inuwar dajin, ki tanadar wa yarinyar 'yar tsaraba. Ki kuma riƙe hannun naki yaran, don yaro da kwaikwayo. In lokacin azahar ya riske ku, masallacin Tokyo Camii yana unguwar Yoyogi-Uehara, ba nisa daga nan.