Ina Mai Rubuta Manhaja A Labaranmu?

Wannan makon da ƙorafi na zo, kuma da mu nake.

Ku duba labaran da muke rubutawa. Jarumin ko likita ne, ko soja, ko ɗan Alhaji da ya dawo daga Dubai. In mai kwamfuta ya leƙo kuwa, to ɗan damfara ne. Ni ɗan Wudil ne. Tun 2001 Jami'ar Kimiyya da Fasaha take garinmu, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, amma har yau ban karanta labarin Hausa da ya shiga ɗakin gwaji ya ga wanda ke bayan na'ura ba.

Wani abokina da muka yi difloma tare, aikinsa ke nan. Masana su tsara gwaji, shi ya rubuta manhajar da ke karɓar awo daga na'ura, ta adana, ta tace. A ɗauke wuta tsakar dare, shi za a taso don kada wahalar wata uku ta salwanta. Ya kuskure layi ɗaya, sakamako ya zama ƙarya. A yi nasara, ba mai ambatonsa. A gida kuma "mai gyaran kwamfuta" ake ce masa.

Ku ɗauka ya gano kuskuren nasa ana gobe Farfesa zai miƙa rahoto. Ya faɗa ya rasa aiki, ko ya yi shiru a buga ƙarya? Wane rikici kuke nema da ya fi wannan?

Kada ku raina sana'ar. Tim Berners-Lee manhaja yake rubutawa a cibiyar bincike ta CERN da ke Jeniba lokacin da ya kawo tsarin shafukan yanar gizo a 1989, don masana su riƙa musayar bayanai. Ta kansa muke bi mu buɗe shafuka a yau.

Na san za a ce masu karatu soyayya suke so. To mai manhaja ba ya zuwa zance ne? Gaskiya dai bincike muke gudu, shi ya sa muke ta maimaita jarumi ɗaya.

Wanda kasuwar Juma'a kaɗai ya san Wudil da ita, ya zo ranar aiki, ya nemi izini, ya zauna da ma'aikacin ɗakin gwaji, ya yi tambaya. Sannan ya rubuta.

Allah ya sa mu gyara.